Gezar jig: roba ko silikon?

Ɗana, ka tambaye ni wace geza, wato siraran silin da ke jan hankalin kifi, za ka ɗaura wa kawunan jig ɗin da ka zuba jiya, ƙugiyoyin kamun kifin nan masu kan dalma, ta roba ko ta silikon, tunda ka ga roba ta fi sauƙin kuɗi. Silikon za ka sa.

Zubin dalma ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya yi wata guda a rumfar nan ya iya. Ka dai riƙe cewa tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, kuma ɗigon ruwa ɗaya, ko na gumi ne, in ya faɗa tukunya sai ta fantsamo maka a fuska. A fili ake narka ta, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Ba na hana roba haƙƙinta. A cikin ruwa ta fi silikon rai, jig na sauka ƙasa sai ta riƙa buɗewa a hankali kamar mai numfashi, shi ya sa masuntan Amurka har yau suke sonta. Amma zafinmu ba nasu ba ne. Roba tana tsufa, tana danƙo, in kuma ta haɗu da koton filastik mai laushi, irin mai siffar tana, maiƙon jikinsa narkar da ita yake yi.

Wani dillali ya taɓa kawo wa rumfar nan ƙunshin geza, ya rantse silikon ce, kuma kuɗin silikon ya karɓa. Aka ɗaura jig ɗari biyu na masuntan Yauri, aka jera a akwatin ƙarfe cikin zafin Afrilu. Ranar da aka buɗe, sun manne wuri guda kamar alewar da ta kwana a rana. Jan launi ya zuba a kan fari, zobban da suka riƙe gezar sun tsattsage, in ka ɗaga ɗaya sai biyar su biyo shi. Wajen kankare danƙon, fentin kawunan ma ya tafi. Mutumin ya ce ajiyarmu ce ba ta da kyau, ko sisi bai mayar ba. Abin da ya fi ci mini rai, ashana ɗaya da ta tona shi. Ka yanki sili guda ka ƙona: silikon tana barin farar toka mai rugujewa, roba kuwa baƙin hayaƙi da warin taya, bakin ya yi danƙo. Kada ka biya kuɗin geza ba ka ƙona ba, ko wa ya kawo ta.

Kan jig mai nauyin giram 7 zuwa 14, da ƙugiya mai lamba 3/0 zuwa 5/0, sili 40 zuwa 50 ya ishe shi. Fallen geza ɗaya yana da sili kusan ashirin, ka ga biyu ko biyu da rabi ke nan. Yaran yanzu sai su cusa huɗu don ya yi kyau a hoton waya, jig ya ƙi nutsewa da wuri, gezar ta rufe tsinin ƙugiya, kifi ya cafka ya tofar. Launi ma haka, goma suke so. Fari ko ruwan azurfa in ruwa ya kwanta, baƙi in damina ta gurɓata shi.

Zoben robar da ake sayarwa tare da geza, ɗaurin wucin gadi ne. Ka samo siririyar wayar jan ƙarfe daga tsohon kwayil, ka zagaya wuyan sau biyu, ka murɗe da filaya, ka kwantar da bakin. Kada ka matse har ta yanke sili. Sannan ka datse gezar kamar santimita ɗaya bayan lanƙwasar ƙugiya.

In giwan ruwan tafkin Kainji ake nufi, a ƙara nauyi zuwa giram 28 ko fiye, da ƙugiya mai kauri, don siririya miƙewa take yi a bakinsa. Inda kifin tsage yake kuwa, haƙoransa aske silikon suke yi, sai ka koma gashi. Turawa suna ɗaura na wutsiyar barewa da lallausan gashin talotalo. Ka ɗaura kaɗan-kaɗan da zaren nailan, ka shafe ɗaurin da man farce, ka sa guntuwar waya tsakanin jig da igiya.

Je ka ɗauko ƙunshin da ka sayo, ka zo da ashana.