Amsa kan farin tabon harshen ƙaninka

Malam, ka ce likitan haƙori ya ga farin tabo a gefen harshen ƙaninka, ya ce ya rage giya, kana tambayar ina ruwansa. Wallahi da ruwansa. Tabon da ba ya goguwa, ya haura mako 2, yana iya rikiɗewa ya zama kansar baki. Giya na lalata fatar cikin baki, in da taba kuwa haɗarin ninkuwa yake.

Don Allah kada a tozarta shi cikin mutane. Ku zauna ku biyu bayan isha'i. In ya daɗe yana sha sosai, kada ya yanke rana ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa har da jijjiga; likita ya tsara masa. Ka raka shi LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, a ɗebi ɗan naman wurin a gwada.