Zaɓen mai jinyar Inna ta waya

Tambaya: Salamu alaikum Malama. Ina Yamai wurin aiki, Innarmu tana Maradi unguwar Zariya, ɓarin jikinta ya shanye wata 4 kenan. Mata uku sun kira ni kan aikin jinyarta, ɗaya ta ce ta iya allura da ƙarin ruwa. Hankalina ba a kwance yake ba, ta waya ya zan gane ta kirki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kar ka fara da zancen kuɗi, bar ta ta yi magana. Wa ta taɓa jinya, wata nawa, mi ya raba su, ka karɓi lambar gidan ka kira da kanka. Sai ka ce ya za ki ba Inna kunu? Wadda ta san aiki za ta ce zaunar da ita ake don kar ta ƙware, kuma da bakinta za ta kawo zancen juya ta duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Tambaye ta ko tana ƙyamar kashi da fitsari, kuma ko maigidanta ya yarda ta kwana.

Ita kuwa mai allurar nan, wallahi na gaji da wannan magana, kullum sai an zo mana da tsoho ƙafa a kumbure numfashi sama sama, ka bincika ka tarar wata ce ta ɗaura mishi ruwa leda biyu a ɗaki wai don ya ji ƙarfi, alhali mai hawan jini da zuciya ta raunana in ruwa ya yi yawa a huhu yake taruwa. Allurar diclofenac da suke dirka wa tsofaffi don ciwon jiki tana taɓa ƙoda tana ƙara hawan jini, allurar ɗuwawu in ta sauka kan jijiya ƙafar da ta rage ma sai ta mutu. Wasu har maganin barci suke ba tsohuwa don su samu su huta. Mutanenmu kuma da sun ji "na iya allura" shikenan an samu likita a araha. Shara a kilinik ko zaman shagon magani ba karatun jinya ba ne! Aikin mai jinyar Inna wanka, abinci, juyawa, da ba da ƙwayoyin da likita ya rubuta a kan lokaci. Gwada ta, ka ce in Inna ta kwana da zazzaɓi mi za ki yi, in ta ce "zan mata allura" yi mata godiya ka kashe wayarka.

Wadda ta ce "zan kira ku mu kai ta asibiti" ita za ka ce ta je gida da katinta na ɗan ƙasa, wata 'yar uwarku ta wuni da ita ta ga yadda take ɗaga Inna.