Ta ina za a fara koyar da sauyin yanayi a firamare?

Malam, ka tambayi yadda za ka koyar da sauyin yanayi da kariya daga bala'i alhali jadawali ya cika. Ba sai an ware masa darasi ba, cusa shi cikin lissafi da kimiyya.

Fara da ma'aunin ruwan sama. A yanke kan gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a kifa shi ciki ya zama mazurari. A zuba tsakuwa a gindi, a ƙara ruwa ya rufe ta, nan ne sifili, sai a manna rula. Yara su riƙa dubawa kullum a lokaci ɗaya. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kowace murabba'in mita, ka ga lissafi ya samu. Abin da ke ɓata awon shi ne ajiye gorar a ƙarƙashin bishiya ko jikin bango, ko a manta a mayar da ruwan kan sifili.

Amma kar su ɗauka awon shekara ɗaya ya nuna sauyin yanayi, masana shekara 30 suke dubawa.

Batun ambaliya kuwa, atisayen ficewa kowane zango ya fi dogon bayani. Nuna musu santimita 15 a ƙafarsu: ruwa mai gudu da ya kai nan yana iya kayar da babba.