An haife ta ranar 29 ga Fabrairu, yaushe za a yi mata biki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haifi 'yata ranar 29 ga Fabrairun 2024. Shekarar da ta biyo na duba kalanda ban ga ranar ba. Yaya zan ƙirga shekarunta, kuma wace rana za mu yi mata murna? Daga wata uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya. Shekarun yarinya na nan daidai, kowace shekara tana ƙara ɗaya kamar sa'o'inta. Matsalar ta kalanda ce. Duniya tana kewaya rana cikin kwana 365 da awa 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙu. Rarar nan ta kusan awa shida ake tarawa, bayan shekara huɗu ta kusa kai kwana guda, sai a liƙa wa Fabrairu. Tun da rarar ba ta cika awa shida cif ba, gyaran kalanda na Fafaroma Gregory na 13 a 1582 ya kawo ƙa'ida: shekarar da ke rabuwa da 4 tana da ƙarin kwana, ban da mai ƙarewa da sifili biyu, sai idan tana rabuwa da 400. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

A shekarun da babu ranar, ko dai 28 ga Fabrairu ko 1 ga Maris. Mu dai mun fi son 1 ga Maris, domin ranar da ke bin 28 aka haife ta, kuma sai an kai ta shekara ke cika. Masu zaɓen 28 hujjarsu kada a fita daga watan haihuwa. Ki ɗauki ɗaya ki tsaya a kanta, kada yarinya ta rikice.

Akwai hanya ta uku. Ranar haihuwarta Alhamis ce (Lami ke nan), ta yi daidai da 19 ga Sha'aban 1445, ko da yake ganin wata kan kawo bambancin kwana guda. Wannan ranar tana zuwa duk shekara, sai dai tana matsowa da kwana 10 ko 11 a kalandar boko. Ainihin ranarta kuwa za ta dawo Talata, 29 ga Fabrairun 2028, kuma bisa lissafi kwanaki kaɗan ne bayan ƙaramar Sallah, ɗinkin Sallah ma ya wadatar. Idan za a yi kek, a tuna ƙarshen Fabrairu zafi ya fara kankama a Maradi. Kirim yakan narke, don haka a karɓo shi dab da lokacin yankawa, bayan la'asar.

Tambaya: Wani ya ba ni shawara in sa a rubuta 1 ga Maris a takardar haihuwar ɗana, wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairu, don sauƙi. Shin ya dace? Daga wani magidanci, Sabon Gari.

Amsa: Malam, kada ka yarda. Ranar 29 ga Fabrairu halastacciya ce, ofishin magajin gari zai rubuta ta kamar kowace. Illar canzawa ita ce takardar asibiti ta ce 29, ta haihuwa ta ce 1, katin rigakafi ya ce wani abu dabam. Ranar da yaro zai zauna jarrabawa ko ya nemi fasfo saɓanin zai fito, kuma gyaran takardar haihuwa yakan kai mutum har kotu.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne shekarar. Idan mai rubutu ya yi kuskure ya sa 2023 maimakon 2024, kwamfuta za ta ƙi karɓa, tun da babu 29 ga Fabrairu a 2023. Ka karanta takardar a gaban ma'aikacin kafin ka bar wurin. Wajen cike fom a intanet kuma, ka fara zaɓen shekara, sannan wata, sannan rana, domin wasu shafukan ba sa nuna 29 sai sun ga shekarar.