Shafin Girki: Hummus Mai Ganye a Zafin Bazara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da ƙoƙari. A wannan watan a kaina taron zumuncin gidanmu ya faɗo, mu kusan 25 ne har da yara, ga bazara ta kankama, da la'asar ma tsakar gida kamar tanda. Da muka je Umara na ci wani abu a Madina da ake dangwala da burodi, aka ce min sunansa hummus. Sau biyu ina gwadawa a gida. Na farko ya fito da gudaji kamar faten wake. Na biyu na zuba masa na'a-na'a da faski, wato ganyen parsley, don ya yi kore irin wanda nake gani a waya, amma kafin la'asar ya koma ruwan ƙasa, zuwa magariba kuma ya yi tsami har yana ɗan wari. Don Allah a ina nake kuskure? Ƙanwarki daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da hidima, Allah Ya ƙara danƙon zumunci. Abu uku kika kawo min, gudaji da kala da lalacewa, kuma duka ukun na yi fama da su kafin hannuna ya faɗa.

Ni a wurin wata tsohuwa 'yar Labanan na koya, maƙwabciyarmu a Kano lokacin ina amarya. Jikokinta Teta suke ce mata, wato kaka, mu ma muka bi bakinsu. Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Har yau ina ganin yadda take duba nunar waken: ta ɗebo ƙwaya ɗaya da ludayi, ta hura mata iska, ta sa tsakanin babban yatsa da manuni ta ɗan matsa. In ta ji ko da ɗan tsaki-tsaki ne a ciki, sai ta mayar da murfi ta ce, "Bai yi ba tukuna, 'yata." Sai ƙwayar ta shafe a yatsa kamar man shanu sannan take sauke tukunya. To a nan gudajinki ya samo asali. Nunar da ta ishi shinkafa da wake ba ta ishi hummus ba, shi sai ya yi luguf, har ya fara farfashewa da kansa.

Waken da ake yi da shi ba irin namu ba ne. Ya fi kama da gurjiya, sai dai bai kai ta girma ba, kuma yana da ɗan baki mai tsini. 'Yan uwanmu na Sudan kabkabe suke ce masa, ni ma haka zan riƙa kiransa a nan. A manyan kantuna za ki ga an rubuta chickpeas a jikin ledarsa. Ga mutum 25, tunda akwai wasu abincin a gefe, rabin kilo na busasshe ya isa, kusan gwangwanin madara huɗu ke nan. Ki jiƙa shi awa 12 a ruwa mai yawa, don yana ninka girmansa. A wannan zafin kada ki bar jiƙon a kicin ya kwana, zai yi kumfa ya soma tsami tun bai hau wuta ba. Ki sa kwanon a firij, in babu wuta ki ajiye a gindin randa ki riƙa sauya ruwan.

Da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki zuba sabo ya sha kansa sosai, ki sa ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda. Aikin da kanwa take yi mana a wake shi sodar take yi, tana sassauta ɓawon ta rage lokacin dahuwa. In kanwar ce a hannunki, ki jiƙa ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa ki tace ruwan ki zuba, kada ki wuce haka, don in ta yi yawa takan duhunta waken ta bar ɗanɗanon sabulu a harshe. Minti 45 zuwa awa ɗaya yakan ɗauka, tsohon wake ya fi haka. Ki riƙa kwashe kumfa, kuma za ki ga ɓawo yana tasowa sama fari-fari, shi ma ki kwashe iya abin da ya samu. Wasu suna zama su ɓare ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba in dai waken ya nuna da kyau.

Yana kan wuta sai ki haɗa rabin da ya fi muhimmanci a wurina, wato riɗi. Larabawa tahina suke kiran niƙaƙƙen riɗi, kuma raina yakan ɗan sosu in na ga mace ta saye shi a kwalba da tsada, alhali ga riɗi nan jibge a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, daga kasuwanni irin na Maigatari ake lodinsa zuwa ƙasashen waje. Ki wanke kofi biyu ki rege tsakuwa, ki ɗan surfa shi kamar za ki yi kantu don ɓawon ne ke kawo ɗaci, ki shanya ya bushe. Ki soya a kasko ba mai, a wuta kaɗan, hannunki bai tsaya da juyawa ba. Da kin ji ƙamshi ya tashi, kalar ta ɗan sirka, ki juye a faranti nan take, don in ya yi ja ya wuce wurin. Ya huce, ki niƙa da cokali uku ko huɗu na mai. Kusan rabin ƙwayar riɗi mai ne, saboda haka ki yi haƙuri da bilendar, zai fara zama gari, ya dunƙule, daga baya ya saki ya zama kamar zuma mai kauri. Kofi ɗaya kike buƙata.

Ki daka tafarnuwa ƙwaya huɗu ki jiƙa ta minti goma a cikin ruwan lemon tsami, babban cokali shida. Tsamin yana karya mata kaifi, ba za ta riƙa taso wa baƙinki ba bayan sun ci. Lemon tsaminmu ƙanana sun fi irin na ƙasashen Sham kaifi, shi ya sa na ce ki fara da shida, ki ɗanɗana sannan ki ƙara. Ki zuba tahinar a kai da ƙaramin cokali biyu na gishiri ki kunna bilenda. Kada gabanki ya faɗi in kin ga ya ƙulle ya yi tauri kamar tunkuza, haka ɗabi'arsa take. Ki riƙa ɗiga ruwan ƙanƙara kaɗan-kaɗan, a gaban idonki zai warware, ya yi fari, ya yi sulɓi. Sannan ki tsane kabkaben ki zuba da ɗuminsa, kashi biyu ko uku gwargwadon ƙarfin bilendarki, kowane kashi ya samu minti uku zuwa huɗu. Jimillar ruwan ƙanƙarar yakan kai kofi ɗaya. Ki bar shi ya ɗan fi yadda kike so ruwa, domin yana yin kauri in ya yi sanyi. Ki baza a faffaɗan kwano ya huce da wuri, ki rufe ki kai firij. Wannan duk za ki iya gamawa ana gobe taro.

Ganye kuwa sai ranar. Kin san yadda ɗan kanwa ke sa miyar ɗanyar kuɓewa ta yi kore shar? Tsami akasin haka yake yi, yana cin koren ganye a hankali har ya mayar da shi ruwan ƙasa, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ita na'a-na'a ma ko ba tsami, da an yanka ta iska ta taɓa ta sai ta fara baƙi. Ina kyautata zaton kin zuba ganyen ne a kan wake mai zafi tare da lemon, bilenda ta ƙara dumama shi, sannan ya zauna a waje. Ga yadda nake yi. Faski cikin hannu biyu, na'a-na'a cikin hannu ɗaya, ganyen kawai ba karan ba, da ɗan ɗanyen lawashi. In wanke su tas da ruwan gishiri saboda ƙasa da ruwan lambu, in tsoma a tafasasshen ruwa in ƙirga goma, in tsame in jefa cikin ruwan ƙanƙara, in matse da hannu. In markaɗa su da ludayi ɗaya na hummus mai sanyi da ƙanƙara guda biyu, sannan in juye wannan koren a cikin sauran in gauraya da muciya. Awa ɗaya ko biyu kafin baƙi su iso ya isa. Ɗoɗɗoya tana shiga, amma ganye biyar ko shida kawai, in ta fi haka ita kaɗai za a ji.

Man zaitun a sama ake zuba shi, ba a cikin bilenda ba, na lura dukan inji yana sa shi ɗaci. Ki zuba hummus a faranti, ki yi masa rami da bayan cokali kina juya farantin, ki kwarara man a ramin. Bayan ɗanɗano, yana kare fuskar daga iska.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, wato warin nan na magariba. Ƙanwata, ki ɗauki hummus kamar kindirmo, kada ki ɗauke shi kamar soyayyar gyaɗa da za a ajiye a tabarma tun azahar. Dafaffen wake ne mai laima, irin abin da ƙwayoyin cuta ke so, kuma lemon da ke ciki bai kai ya kare shi ba. Ƙa'idar hukumomin lafiyar abinci na Amurka ita ce kada irin wannan abinci ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Gusau a watan Afrilu sau da yawa tana kai 40. Kuma ba sai ya yi wari yake cutarwa ba, yana iya lalata ciki alhali hanci bai ji komai ba, ga yara da tsofaffi a taronki. Saboda haka ki raba shi a ƙananan farantai. Babban kwanon ya zauna a kula cikin ƙanƙara, ki riƙa fito da faranti ɗaya ko biyu, ki ɗora a kan tire mai ƙanƙara a inuwa. In ya ƙare ki kawo sabon faranti, kada ki ƙara sabo a kan ragowar tsoho. Wanda ya yi awa guda a waje a zubar, ko da zuciya ba ta so. Wanda bai fita ba yana kwana uku zuwa huɗu a firij mai wuta tsayayya, mai ganyen dai ki cinye shi cikin kwana biyu.

Abin dangwala ba sai kin nemi burodin Larabawa ba. Gurasa ce ta fi dacewa da shi a wurina, a ɗan gasa ta a yayyanka. Ki jera kokwamba da karas da koren tattasai. A Labanan suna ɗora soyayyen nama a tsakiyarsa, ni kuma nakan yanka balangu ƙanana in ɗora, kuma shi ne farantin da mazan gidanmu suke fara gamawa da shi.

TAMBAYA: Mama, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, a garinmu ban taɓa ganin wannan waken ba. Zan iya yi da farin wake, in sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa maimakon riɗi? Ɗanki daga Maraɗi.

AMSA: Barka kadai ɗana, na ji daɗin ganin namiji a shafin nan. Za ka iya, kuma zai yi daɗi. In da gurjiya a kusa, ta fi farin wake dacewa, ta fi kusa da kabkabe a gari da ɗanɗano, sai dai tana daɗewa a wuta. Farin wake kuma ka surfa shi kamar na alala, ka rage ruwa wajen markaɗe don yana saurin sakewa. Gyaɗar ce ban goyi baya ba. Tana danne komai, sai ka ji kamar miyar gyaɗa mai sanyi kake ci, ga shi riɗi ba wuyar samu yake a wajenku ba.

Sunan ne dai ba zai bi ka ba. Kalmar hummus a Larabci ita ce sunan waken kansa, cikakken sunan abincin hummus bi tahina, wato kabkabe da niƙaƙƙen riɗi. Tun ƙarni na 13 littattafan girkin Larabawa suke ambaton markaɗaɗɗen kabkabe da ake ci da sanyi, har da ganyaye a ciki, saboda haka ganyen da ƙanwata ta Gusau ta zuba ba baƙon abu ba ne. Mutanen Sham ba sa wasa da abincin nan. A watan Mayun 2010 masu girki a Labanan suka haɗa faranti guda mai nauyin kilo 10,452, daidai da adadin murabba'in kilomita na faɗin ƙasarsu. In ka yi naka da gurjiya, ka gaya wa abokanka da gurjiya ka yi.

TAMBAYA: Anti, ba ni da bilenda, kuma wuta ba ta zama a unguwarmu. Na haƙura ke nan? Amarya daga Azare.

AMSA: A'a amarya, Allah Ya ba da zaman lafiya. An daɗe ana cin hummus kafin a ƙera bilenda, da taɓaryar katako ake daka shi. Ki samu turmin da bai sha yaji da daddawa ba, ki wanke da ruwan zafi. Ki dafa waken ya wuce nuna, ki daka da zafinsa, ki bi da shi ta rariya kina dannawa da bayan ludayi, ɓawon zai tsaya a sama. Riɗin ki kai inji, amma ki tsaya a wanke injin a gabanki. Ganyen ki daka shi daban da ɗan gishiri ki zuba a ƙarshe. Tunda ba firij, gwangwani ɗaya na wake ya ishe ki ke da maigida, ki jiƙa bayan sallar asuba ki sauya ruwan da rana, ki dafa da yamma, ku ci a zama ɗaya da gurasa mai ɗumi.