Yadda ake shirya wa aikin gwajin ilimin taurari da rubuta rahotonsa

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan yadda za ka shirya wa aikin gwaji na ilimin taurari a jami'a, da yadda ake rubuta rahotonsa. To, shi rahoto tun a daren kallo ake fara shi.

Kafin ka fita, karanta takardar aikin har ka gane abin da ake so ka auna. Buɗe manhajar Stellarium ka ga inda abin zai kasance a lokacin, domin taurari na gusawa digiri 15 kowace awa. Riƙe tocila mai jan haske, don kada farin haske ya hana idonka sabawa da duhu. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai baya.

Komai ka gani, rubuta shi nan take: lokaci bisa agogon UT (agogon bai-ɗaya na duniya, wato lokacin Greenwich), irin na'urar hangen, ko akwai gajimare. Ɗauki misalin aikin auna watannin duniyar Jupita, irin su Io da Ganymede. Io na zagaye shi cikin kwana 1.77, Ganymede cikin kwana 7.15, kuma da tsawon lokacin zagayen da nisan watan daga Jupita ake fitar da nauyin Jupita ta dokar Kepler ta uku, wato ƙa'idar da ta haɗa lokacin zagaye da nisa. Io ba ya jira, kuskuren awa ɗaya zai karkatar maka da zanen da za ka yi na tafiyarsa.

Wajen rubutu, roƙona ɗaya ne: kada ka taɓa lambobinka don su yi daidai da na littafi. Kowace lamba ka sa mata ma'auninta da iyakar kuskurenta. In sakamakonka ya kauce, faɗi nawa ya kauce, sannan ka kawo dalili takamaimai, kamar rawar iska ko wata ya ɓuya a bayan Jupita.