Ƙafa kan birki kafin tunani: amsa ga wani direba a Kumasi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban trotro ne, ina jigila tsakanin Aboabo da Kejetia. Kwanan baya wani yaro ya ɓullo da gudu daga bayan pragya (babur mai ƙafa uku), sai kawai na tarar da ƙafata a kan birki, ban san lokacin da ta bar totur ba. Haka kuma idan na taɓa murfin lagireto mai zafi, hannuna kan janye kafin in ji raɗaɗin. Shin abu guda ne yake aiki a duka biyun?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Direba. Mun gode Allah da ya tsare yaron. Abubuwan biyu sun yi kama, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Janye hannu daga zafi ba ya jiran izinin ƙwaƙwalwa. Saƙon kan tashi daga fatar yatsa ya bi jijiya zuwa laka, wadda ke cikin ƙashin baya, nan take a miƙa shi ga jijiyar da ke sa tsokar damtse ta naɗe hannun, ta yadda kafin labari ya hau kai har ka ji raɗaɗi, hannu ya riga ya bar wurin. Da wannan aka haife ka. Bature Charles Sherrington na Ingila ne ya fayyace yadda yake aiki, ya kuma sami kyautar Nobel a 1932.

Taka birki kuwa koyonsa ka yi, kuma hanyarsa ta fi tsawo. Hoton yaron ya tashi daga ido zuwa sashen gani da ke ƙeya, daga can ya wuce sashen da ke auna inda abu yake da saurin tafiyarsa, sannan sashen shirya motsi ya zaɓi birki maimakon ham ko kauce wa hanya. Umarnin ya sauko daga ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, ya tsallaka a gindinta zuwa ƙafarka ta dama, domin kowane ɓari kishiyar gefensa yake sarrafawa. Wannan tsallakawar ce ma ta sa wanda jini ya toshe masa a hagun kai yake shanyewa ta dama. Shekarun da ka yi kana tuƙi sun share wannan hanya kamar turbar da ƙafafu suka saba bi, har ba ka jin lokacin da zaɓin yake faruwa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, komai gwanintarka, wannan tafiya tana cin lokaci. Ko jijiya mafi sauri ba ta wuce kimanin mita 120 a sakan guda ba, kuma a kowace mahaɗa akwai ɗan jinkiri. Mutumin da ya zuba ido yana jiran fitila ta kama yakan ɗauki kusan rubu'in sakan kafin ya danna maɓalli, direban da abu ya zo masa ba zato kuwa yakan kai sakan guda ko fiye. A gudun kilomita 50 a awa, motarka tana cin kusan mita 14 a wannan sakan ɗin, tun birki bai fara kamawa ba. Gyangyaɗi da gajiya da amsa waya duk ƙara tsawon jinkirin suke yi, don haka idan wayarka ta yi ƙara kana cikin cunkoson Kejetia, miƙa ta ga yaron mota ya amsa.